Tsohuwar Fijo ta zama dukiya: yadda za a biya, a bi ta banki, a sallami lampo ba tare da kuka ba



Kusan kowane gari na ƙasar nan akwai gidan da za ka leƙa ka ga wata tsohuwar mota a jingine bayan zaure, tayoyi sun sace, kaji sun mai da ita wurin kwana. Wata Peugeot 404 ce bashe, wata 504 ce, wata Land Cruiser ce da wani furoje ya bari, wata kuma Marsandi ce ta marigayi Alhaji. Mu a nan tsohon ƙarfe muke ce mata. Amma a Turai da Amurka akwai mutanen da ke neman irin waɗannan motoci ido rufe, suna gyara su, suna ajiya kamar kayan tarihi, kuma suna biyan kuɗi masu kauri. Shi ya sa yanzu wasu ke samun saƙo ta WhatsApp ko Facebook daga baƙon da ya ga hoton motar, yana tambaya ko ta sayarwa ce. Ta wancan gefen kuma, ƴaƴanmu da ke Faransa da Baljiyam suna sayen tsofaffin motoci daga hannun masu su, wasu don sha'awa, wasu don su turo ma tsoho irin motar da ya taɓa hawa yana saurayi.

Wannan ciniki ne na mutum da mutum, babu kamfani tsakani, babu garanti. In an cuce ka, babu kantin da za ka koma ka buga ma tebur. Abin da ke kare mai saye da mai sayarwa shi ne tsari guda: kuɗi, takardu da makulli su canza hannu a lokaci ɗaya, kuma kuɗin ya tafi ga sunan da ke rubuce a kart giriz ta hanyar da ke barin shaida. Duk bayanin da zai biyo baya a kan wannan ya ke tafiya.

Me ya sa ake neman su

An fara ƙera 404 a 1960, 504 kuma a 1968, har ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa Peugeot a 1975, ya ci gaba da fitar da 504 shekaru da dama bayan Turai ta daina. Dattawan Agadez da Arlit sun tuna lokacin da Turawa ke ratso hamada ta Tamanrasat da Assamaka da tsofaffin Fijo, su sayar a nan su koma gida ta jirgi. Ka ga ke nan ƙasarmu ta tara irin waɗannan motoci da yawa, kuma busasshiyar iskarmu ba ta cin ƙarfe kamar gishirin da ake zuba ma hanyoyin Turai lokacin sanyi.

Doka ma tana taimakon masu neman. Amurka na barin a shigo da motar da ta cika shekara 25 ba tare da an tilasta mata ƙa'idojin tsaro na sabbin motoci ba. A Faransa kuwa, motar da ta kai shekara 30, aka daina ƙera irinta, kuma ba a sauya mata manyan sassa ba, tana iya shiga a matsayin kayan tarihi: babu kuɗin duwan, TVA kuma kashi 5.5 cikin ɗari maimakon 20. Ku riƙe wannan kalma ta "ba a sauya ba". Motocinmu da yawa an ɗora musu injin wata mota, an yi musu walda, an canza birki. Irin wannan na rage mata daraja sosai a idon mai neman ta asali. Kada mai sayarwa ya ɓoye, domin rikicin kuɗi da yawa daga nan ya ke farawa. Kuma shawarata, kada a yi gaggawar kai ta wajen mai fenti don a burge baƙo. Sau da yawa tsohon fentin asali ya fi mashi daraja a kan sabon da aka watsa a bakin tasha.

Tun kafin a yi maganar kuɗi, motar ta wa ce?

Nan ne muka fi tuntuɓe. Motar da ta shekara 40 a ƙasar nan ta wuce hannu huɗu ko biyar, amma in ka buɗe kart giriz sunan mai ita na farko ne, wanda wataƙila ya daɗe da rasuwa. Kowa ya saya da baki da shaidu, aka tafa, aka watse. A zaman unguwa wannan ya wadatar. A wajen banki da duwan da masu ba da lamba, mai mota shi ne wanda takarda ta ambata.

In motar gado ce, ba a sayar da ita da yardar babban wa shi kaɗai. Sai magada sun zauna, an rubuta takardar zaman iyali, an kai kotu ta tabbatar, an fitar da takardar da ta nuna su wane ne magada da kuma wanda suka wakilta ya sa hannu. Mai saye ya nemi ganin wannan da idonshi. In bai nema ba, wata rana wata ƙanwa da ke aure a Damagaram ko wani ɗa da ke Libiya zai dawo ya ce ba da shi aka yi ba, kuma yana da gaskiya. Kuɗin ma, in ya shigo, gara a sa shi a asusun wakilin da takarda ta ambata a gaban sauran, a raba a rubuta. Mota ɗaya ta isa ta raba zumuncin gida.

Akwai kuma motocin furoje, na ƙungiyoyin agaji da na ofisoshin jakadanci. Da yawansu sun shigo ƙasar ba a biya musu duwan ba, saboda an yafe ma masu su. Ran da aka sayar da irin wannan mota ga mutum, yafewar ta ƙare, sai an je an biya duwan kafin ta samu lamba irin ta kowa. Wasu sun sayi Land Cruiser da arha suna murna, daga baya suka gano kuɗin duwan na jiransu. Haka motar gwamnati da aka yi gwanjonta: a nemi takardar gwanjon. Motar da ta shigo daga Kano ko Katsina da lambar Najeriya kuma, takardar izinin wucewa da aka ba ta a iyaka ta ɗan lokaci ce, ba ta zama shaidar biyan duwan ba.

Sai lambar shasi. A durƙusa a goge ƙura a karanta wadda aka buga a jikin ƙarfe, a gwada da ta takarda harafi bayan harafi. Motocin da aka ƙera daga wajajen 1981 zuwa yau lambarsu na da harufa da alƙaluma 17, waɗanda suka girme su kuma tasu ta fi gajarta, saboda haka gajartar lamba a tsohuwar 404 ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne alamar niƙa ko walda a wurin lambar. Ƴan sanda na da reshen Interpol, suna iya duba ko an ba da cigiyar motar a wata ƙasa. A yi wannan kafin a ba da ko dala.

Kafin alƙalami da rubutun ciniki

In an daidaita, mai mota ya ce ya sallama, yawanci ana ba da kafin alƙalami. To, a rubuta shi, kuma a rubuta abin da zai faru in wani ya fasa. Ƴan uwanmu na Faransa su lura da kalmomi biyu da ake sa wa a takarda can. In an rubuta "arrhes", mai saye na iya fasawa amma kuɗinshi sun tafi, in mai sayarwa ne ya fasa sai ya mayar da ninki biyu. In "acompte" aka rubuta, ciniki ya ƙullu ke nan, babu wanda ke da ikon janyewa haka kawai. A nan gida ma, ko ba a yi amfani da waɗannan kalmomi ba, a faɗi magana a fili a gaban shaidu: in an fasa, ana mayarwa ko ba a mayarwa? La'adar dillali ita ma a yanke ta tun farko, a san wa zai biya.

Wani abu da zai ba ku dariya amma yana haddasa faɗa shi ne ƙidayar kuɗinmu. Mu da dala muke lissafi. In dattijo a kasuwa ya ce "dubu ɗari", yana nufin dala dubu ɗari, wato sefa jika 500. Yaron da aka haifa a Liyon, da ya ji dubu ɗari sai ya rubuta 100.000 a wayarshi. In an sa naira a ciki kuma lissafi ya ƙara rikicewa. Don haka a takarda a rubuta farashi da alƙaluma, a sake rubuta shi da kalmomi, a ambaci irin kuɗin: sefa, yuro ko naira. Tsakanin yuro da sefa babu wahala, canjin a tsaye ya ke, yuro 1 sefa 655,957 ne, wato sefa 656 in an cike. Naira ce ke hawa da sauka, wani lokaci cikin sati guda. In da ita za a biya, a tsayar da canjin ranar da za a yi amfani da shi a rubuta.

Takardar sayarwa ta ƙunshi sunayen mutum biyun da lambobin katinsu na ɗan ƙasa, irin motar, lambar shasi, farashi, yadda aka biya, rana har da awa. Awa na da amfani, domin in motar ta buge wani da yammacin ranar, a san hannun wa ta ke. A kai a buga hatimin tabbatar da sa hannu a ma'aikatar magajin gari ko komisariya. In kuɗin sun yi nauyi, a je wajen notar. Abin da za a ba shi bai kai kuɗin zaryar kotu ba.

Kuma kada a yarda da shawarar nan ta "mu rubuta rabin kuɗin don a rage haraji". Wanda ya biya miliyan 6 aka rubuta miliyan 3, ran da ciniki ya warware miliyan 3 kaɗai zai iya nema a gaban alƙali.

Hanyoyin biya

Mun saba da tsaba, mu ƙirga a kan tabarma. Ga motar jika 700 ko 800 babu laifi. Amma in magana ta kai miliyoyi, ɗaukar jaka a bi hanyar Dakoro ko ta Tanut da ita kasada ce, ga kuma jabun takardun jika goma da ke iya ɓuya a tsakiyar ɗauri. In dole sai tsaba, ku haɗu a cikin banki. Mai saye ya miƙa, ma'aikacin banki ya ƙirga da na'ura ya zuba a asusun mai sayarwa, a karɓi resi, a nan take a sa hannu a miƙa makulli da kart giriz. Jabu ya zama matsalar da aka gano tun ba a rabu ba. Kada ku ji haushi in banki ya tambayi inda kuɗin suka fito. Doka ce ta yaƙi da halasta kuɗin haram ta ɗora musu, kuma manyan kuɗin tsaba suna sanar da hukumar CENTIF. Takardar sayarwar nan ita ce amsarku.

Wanda zai ciro kuɗi masu yawa ya gaya ma bankinshi kwana biyu ko uku kafin ranar. Mun ga yadda aka sha wahalar samun tsaba a bankuna bayan takunkumin da aka sa ma ƙasar a ƙarshen Yulin 2023, wanda ba a ɗage ba sai Fabrairun 2024.

Kuɗin waya, irin su Airtel Money, Moov Money da Zamani Cash, suna da kyau wajen kafin alƙalami ko la'ada, amma suna da iyaka. Ƙa'idar da babban bankin BCEAO ya fitar a 2015 ta tsayar da abin da mutum zai ajiye a irin wannan asusu a sefa miliyan 2. Babbar mota ba za ta wuce ta nan a tashi ɗaya ba. Kamfanonin aika kuɗi da muka sani, su Nita, Al Izza, Amana da sauransu, suna kai kuɗi har garuruwan da babu banki, kuma suna ba da resi mai suna. A tura da sunan mai motar, kada a tura da sunan yaronshi ko na dillali, a kuma adana resin tare da takardun mota.

A nan zan ja kunne da ƙarfi. Saƙon waya da ke cewa kuɗi sun shigo ba kuɗi ba ne. Hoton resi da aka turo ta WhatsApp shi ma haka, yaro mai waya na iya ƙirƙiro shi cikin minti biyar. Mai sayarwa ya buɗe asusunshi da kanshi ya ga abin da ke ciki, ko ya taka zuwa gishe ya tambaya. In bai iya karatu ba, ya tafi da ɗanshi ko wani amintacce nashi, ba wanda mai saye ya kawo ba.

Shek ya fi kowane yaudara, domin banki na iya nuna kuɗin a asusunka tun bai gama tabbatar da shi ba. Bayan kwanaki in ya dawo babu kuɗi ko na jabu ne, sai a zare abin da aka sa maka, mota kuwa ta yi nisa. Da wannan ne ake yin wata tsohuwar damfara: baƙo ya turo shek da ya fi kuɗin motar, ya ce kuskure ne, ko ya ce rarar ta mai jigila ce, don Allah a tura mashi ita ta Western Union. Kai ka tura kuɗinka na gaske, shek ɗinshi ya tashi a banza. Duk wanda ya biya fiye da yadda aka yi ciniki ya ce a mayar mashi da canji, a tsaya nan. Haka wanda ya ce kuɗinka na hannun wani kamfanin amana a intanet, sai ka biya kuɗin buɗe dosiye kafin a sake su. Mai sayar da mota ba ya biya don a biya shi.

A Faransa an saba da shek ɗin da banki da kanshi ya ke bugawa, kuma shi ma ana yin jabunshi. Masu hankali na can suna haɗuwa ranar aiki, lokacin da banki ke buɗe, su kira reshen da ya buga shi da lambar da suka nemo da kansu, ba wadda ke jikin shek ɗin ba. Mai saye da ya nace sai yammacin Asabar ko ranar hutu, a yi mashi uzuri a ce sai Talata. Yanzu ma akwai abin da ya fi sauƙi: turawa ta nan take daga asusu zuwa asusu, wadda ke isa cikin daƙiƙa 10. Tun Janairun 2025 dokar Tarayyar Turai ta hana bankunan ƙasashen yuro su caje ta fiye da turawar da aka saba, kuma tun Oktoban 2025 banki na duba ko sunan da ka rubuta ya dace da lambar asusun kafin kuɗi su tafi. Sai dai kowane banki na da iyakar abin da ya ke bari a tura a rana, a nemi a ɗaga ta tun kafin ranar haɗuwa.

Tsaba tsakanin mutum da mutum a Faransa ba a hana ba, amma in ta wuce yuro 1.500 sai da rubutacciyar shaida za a iya kafa hujja a kotu. Mai shiga ko fita Tarayyar Turai da yuro 10.000 ko fiye, kimanin sefa miliyan 6 da jika 560, dole ya sanar da duwan. Wanda ya ɓoye aka kama, ana iya riƙe kuɗin a kuma ci shi tara. Masu ba ɗan uwa ɗauri ya sa a akwati in zai zo hutu, ku san nauyin da kuke ɗora mashi.

In baƙo ne daga waje zai sayi taku

Kuɗi su riga mota tashi. Turawa daga bankin Turai zuwa na Nijar na ɗaukar kwanaki, tana bi ta wasu bankuna a tsakani, kowane na iya yankar nashi. A rubuta tun farko wa zai ɗauki wannan caji, in ba haka ba za a turo yuro 8.000 a ga abin da ya iso bai cika ba, a fara zargin juna. Dokar canjin kuɗi ta ƙasashen UEMOA na son kuɗin kayan da aka fitar waje su dawo ta banki, don haka a je a ga ma'aikacin banki da takardar ciniki kafin motar ta motsa, ya faɗi abin da za a cika. Fitar da mota kuma sai an yi mata takardar fita a duwan.

Shi ma baƙon yana da nashi tsoro, kuma da gaskiyarshi: ya tura miliyoyi ƙasar da bai taɓa zuwa ba. Mafita ita ce ya zo da kanshi, ko ya wakilta wani da takardar wakilci, ko a ajiye kuɗin wajen notar har a miƙa mota ga mai jigila. Biya kashi-kashi ma na yiwuwa, wani kaso in an sa hannu, sauran ran da za a ɗora ta a babbar mota, amma kart giriz na asali ba ya barin hannunku sai kashin ƙarshe ya shigo.

Lampo, can da nan

Ɗan uwa mazaunin Faransa da zai sayar da tsohuwar motarshi ya san cewa motar hawa ta yau da kullum babu haraji a kan ribarta, amma motar tarihi daban ce. In kuɗinta ya wuce yuro 5.000, akwai harajin kashi 6.5 cikin ɗari a kan dukan farashin, ko an ci riba ko ba a ci ba. Motar yuro 12.000 ke nan za a biya mata yuro 780, sama da sefa jika 510, kuma cikin wata guda ake kai bayani. Wanda ke da takardar da ta nuna ranar da ya saya da nawa ya saya, yana iya zaɓar a caje shi a kan riba kaɗai, kuma in ya riƙe motar shekara 22 babu abin da zai biya. Ga amfanin ajiye tsohon resi. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, fitar da irin wannan mota daga Tarayyar Turai gaba ɗaya ma na iya jawo harajin nan ko ba a sayar ba, don haka mai niyyar turo ta gida ya bincika tukuna.

Wajen saye a can, a karɓi takardar sallamawa mai lamba Cerfa 15776, da takardar non-gaj wadda ba ta wuce kwana 15 ba, mai nuna babu bashi ko tara da ta riƙe motar, da kart giriz da aka ja ma layi aka rubuta ranar sayarwa da awa. Mai sayarwa na da kwana 15 ya sanar da hukuma ta intanet. In ya yi sakaci, tarar gudun da sabon mai ita ya yi gidanshi za ta zo.

In mota ta taso zuwa gida, kuɗin sayenta somin taɓi ne. Akwai jirgin ruwa daga Anbers ko Le Havre, kuɗin tashar ruwa, takardar bin kaya ta CNUT, ladan tiranzite, da hanya. Tun da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil bayan 26 ga Yulin 2023, kaya da yawa sun koma bi ta Lome su ratso Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi sun ƙaru. Sannan ga duwan, ga TVA ta kashi 19 cikin ɗari a kai. Duwan ba dole ne su yarda da farashin da ke takardarka ba, suna da nasu ma'aunin kimanta mota. Saboda haka tun ba a saya ba, a ba tiranzite mai lasisi shekarar motar da ƙarfin injinta, ya tabbatar a rubuce cewa za ta shiga, ya kuma faɗi kimanin abin da za a kashe. A takardar jirgi a sa sunan wanda zai karɓa daidai yadda ya ke a katinshi, domin harafi ɗaya na iya tsayar da mota a tasha kuɗin ajiya na hawa kullum. Duk kuɗin da aka biya a duwan a karɓi kitansi na asali. Ɗan uwa na waje da ke turo kuɗin fito, ya fi mashi ya tura kashi-kashi, kowane kashi bayan ya ga kitansin na baya. Wannan ba rashin yarda ba ne, shi ma wanda ke tsaye a kan aikin ya huta da zargi.

A cikin gida kuma, mai saye ya duba binyat, asirans da takardar bizit teknik. Motar da ta shekara goma a jingine ba a biya mata komai ba, a je ofishin lampo a ji matsayinta kafin a yanke farashi, a san wa zai ɗauki abin da ya taru in akwai. Bayan ciniki a yi canjin suna a kart giriz ba da jinkiri ba. Wannan ya fi amfanar mai sayarwa, don muddin sunanshi na kai, in aka kama motar da kayan fasa-ƙwauri a hanyar Agadez ko ta yi haɗari, ƙofarshi jandarma za su fara bugawa. Ya riƙe kwafin takardar sayarwa da na katin mai saye, ya kuma sanar da kamfanin asirans.

Wanda ya sayar da motar gidansu sau ɗaya daban ya ke da wanda ya mai da abin sana'a, yana bin ƙauyuka yana tattara tsofaffin Fijo yana turawa waje. Na biyun ɗan kasuwa ne a idon ma'aikatar lampo, sai ya yi rajista ya karɓi lambar NIF ya riƙa biyan abin da ke kanshi. Bankin ma, in ya ga kuɗin waje na shigowa a kai a kai cikin asusun da aka buɗe don albashi, zai kira mai shi ya yi bayani.

Masu tambaya a kan takardun gado ko na motocin furoje, ku aiko ta lambar gidan rediyo ko ku bar saƙo a ƙarƙashin wannan rubutu, amma don Allah kada kowa ya sa hoton kart giriz ko na katinshi a fili. Da irin waɗannan hotuna ne ƴan damfara ke tallar motar da ba tasu ba.